A Bar Min Gwiwata

Litinin, da hantsi

Sun kwantar da ni a gadon da ke jikin taga, tagar kuma ba ta buɗuwa. Na ce wa uwar yara ta kawo min littafi da biro, tunda a asibitin nan ba mai sauraron maganar baki. Kowa sai "Sannu Baba, yi haƙuri Baba," daga nan su juya su yi maganar ƙafata da babban ɗana, kamar ni kaya ne da aka sauke a tasha ana jiran mai shi.

Ƙafar hagu ce. Ba zan tsaya dogon bayani ba, uwar yara ta riga ta ba kowa labarin takalmin, har mai shara ta sani. Ƙusa ce ta soke ni a gareji, na mayar da takalmina na ci gaba da aiki kamar kowane namiji. Suga ya yi sauran. Shi ke nan.

Likitan tiyata ya zo, wani dogo mai rowar magana. Ya ɗaga bandeji, ya danna nan ya danna can, ya ce aikin ya zama dole. Na ce na ji, a ina? Ya sa yatsa a ƙaurina, ƙasa da gwiwa, ya ce, "Nan muke fata." Na ce mene ne kuma fata? Ya ce sai sun buɗe sun ga inda nama yake da rai.

To bari in rubuta, ko don a san na faɗa. Gwiwar nan ita ce magana. Da karen mota na fara, ina kwana a ƙarƙashin tirela, yau motocina ne ke bin hanya, kuma har makon da na kwanta babu wadda ke fita daga gareji sai na hau na taka kuloci na ji lafiyarta da kaina. Na san direbobi biyu da wannan abu ya samu. Wanda aka bar wa gwiwa ya sa ƙafar roba, yana tuƙi har gobe. Wanda aka hau masa sama yana zaune a benci a bakin gareji yana ba yara labarin hanya. Ni ba zan zauna a bencin nan ba.

Litinin, da yamma

Na ce a buɗe taga, nas ta ce an buga mata ƙusa. Ƙusa kuma.

Talata, da safe

Wai ba za su sa ni barci ba!

Wata yarinya ce ta zo, ba ta kai 'yata ta biyu ba, na ɗauka mai awon zafin jiki ce har na miƙa mata hannu. Ashe ita ce likitar da ke kashe zafi a ɗakin tiyata. Ta ja kujera ta zauna. Ita kaɗai ce ta taɓa zama a gabana a gidan nan, sauran a tsaye suke min magana kamar masu jiran mota.

Ta ce zuciyata ba za ta ɗauki maganin barci mai ƙarfi ba, in ta kwantar da ni ba ta da tabbacin tashina. Allurar baya ma ba za ta yiwu ba saboda maganin tsinka jini da nake sha. Abin da ya rage shi ne ta nemo jijiyoyin da ke kai saƙon zafi daga ƙafa, ta zuba musu magani su yi shiru, ni kuwa idona biyu.

Na ce, "Yarinya, kin ga na yi kama da wanda ake yi wa na masu ƙaramin ƙarfi? A yi min cikakke."

Ta ce, "Baba, ba maganar ƙarfi ba ce. Ko mahaifina ne a gadon nan da irin zuciyarka, wannan zan yi masa."

Na ce ta yi min bayani yadda bakanike zai gane. Ta yi dariya ta ce, in kana so ka taɓa fitilar baya, dole sai ka cire batir? Na ce a'a, fis ɗinta kaɗai za ka zare. Ta ce to haka ne, injin zai ci gaba da tafiya, layin ƙafar kawai za ta zare.

Sai na yi mata tambayar da ta fi damuna. Na ce inda allurarki ba ta kai ba, Dogo mai tiyata zai iya yanka? Ta ce, "Ko kusa. Kafin a taɓa ka sai na gwada da ƙanƙara. Inda ka ce kana ji, wuƙa ba ta zuwa. Ba na barin a yanka mutumin da ya ce min yana ji."

Wannan magana ta kwanta min.

Talata, da yamma

Maƙwabcina a gado wani tela ne, yatsu biyu aka cire masa amma surutu kamar shi ya gina asibitin. Ya ce, "Mai motoci, ai kai ka more, za a yi maka aiki kana kallo. Ni da na farka sai na tarar sun rage min awo ba su tambaye ni ba." Na ce ka yi ta kanka.

Ɗana ya zo da Dogo, suka tsaya a baranda. Manaja nake ce masa tun da ya fara sa riga mai kwala yana zama a ofishina. Suna tsammanin ba na ji. Na ji Manaja da bakinsa yana cewa, "Likita, in ya zama dole ku hau sama, ku hau, mu ransa muke so."

Ku hau. Kamar bene. Yaron da ni na koya masa bambancin birki da totur, yau shi ke ba da izini a kan gwiwata. Da ya shigo na ce wa ya aike ka? Ya ce, "Baba, ai kai ma ka amince jiya." Na amince da ƙasa. Na ce ƙasa!

Laraba, da rana

Na sa an kira min yarinyar. Na ce ki kashe min daga gwiwa zuwa ƙasa kawai, sama ki bar min ita da ranta. Ta ce wayoyin, wato jijiyoyin, daga sama suke saukowa, dole ta kama ɗaya a gindin cinya ta gaba, ɗaya ta baya, don haka cinyar ma za ta yi nauyi. Na ce wato har cinya za ki ba shi fili. Ta ce, "Baba, ba na ba kowa fili. Kana farke, in wani abu ya canza kai za a fara gaya wa."

Za a gaya min. Bayan labule, da wuƙa a hannunsa, da izinin Manaja a aljihunsa.

Uwar yara ta zauna tana shafa min ƙafar dama tana hawaye. Na ce wannan lafiyarta lau, ki bar ta. Ta ce, "Maigida, ko sau ɗaya a rayuwarka ka bari a yi abu ba da hannunka a ciki ba." Ka ji fa.

Alhamis, da yamma

Ga ni a gadon taga, da ƙafata yadda take.

Da sassafe suka tura ni. Ɗakin sanyi kamar cikin firij, an sa min wata riga da ba ta da baya, mutum da girmansa. Yarinyar ta shafa wani abu mai sanyi a gindin cinyata, ta ɗora na'ura, hoto ya fito a ƙaramar talabijin. Ta juyo min da ita ta ce, "Ka ga wannan farin? Ita ce wayar." Na ga allura ta shiga hoton a hankali, ta tsaya daf da wayar ba ta taɓa ta ba, magani ya zagaye ta. Gaskiya hannunta ba ya rawa. Da namiji ce a garejina da na ba ta gyaran famfon mai. Aka juya ni aka yi ta baya.

Muka jira. Ƙafar ta yi ɗumi, ta yi nauyi, daga nan ciwon da ya hana ni sakat wata da watanni ya ɗauke ɗif. Na manta yadda rashin ciwo yake.

Ta ɗauko ƙanƙara. Ta fara ɗora min a kafaɗa don in san sanyinta. Ta sa a ƙauri, na ce babu. Ta matsa sama, babu. Ina kallon hannunta yana hawa, ina kallon Dogo a gefe ya ɗaga hannuwa cikin safa yana jira. Wani ya fara ja min labule a ƙirji. Ƙanƙarar ta zo kan gwiwa.

Na ce ina ji.

Ƙafata ce, ni ke da ikon faɗin abin da take ji. Lissafina mai sauƙi ne: daga nan zuwa sama an rufe hanya, Dogo ya yi aikinsa a ƙasa inda ya nuna min ranar Litinin, kowa ya kama gabansa.

Sai yarinyar ta ɓata fuska. Ta ce wayar da ke riƙe da gwiwa ita ce ke sauka har cikin ƙauri, in ana ji a nan ba ta yarda da can ba. Wa ya gaya min wannan tun farko? Ta ce a ƙara jira. Aka jira, ta sake gwadawa. Mutum ya faɗi magana a gaban mutane cike da ɗaki, sai ya lashe? Na ce ina ji. Dogo ya ce ta ƙara magani, ta ce ta kai iyakar abin da zuciyata za ta ɗauka yau. Ya ce ai ƙasan ya mutu sarai, ta ce ba za a fara ba.

Ta sunkuyo kusa da kunnena ta ce, "Baba, ka tabbata?"

Na ce ni kike tambaya ko na tabbata?

Dogo ya cire safarsa ya jefa a bokiti ya fita.

Juma'a, da safe

Maganin ya sake ni. Ciwon ya dawo da 'yan uwansa.

Asabar, da rana

An ce sai Litinin, wai an kawo mutanen haɗarin mota sun cika ɗakin tiyata. To ni me aka mayar da ni, fasinjan da ba shi da sauri?

Tela ya ce, "Mai motoci, kai ne na farko da na ga ya je kasuwa ya dawo da hajarsa." Manaja kuwa sai zagaye yake yana cewa ba su san aikinsu ba, wai ta yaya allura za ta ƙi ci. Na ce ya zauna ko ya fita, yana sa min jiri.

Lahadi, da yamma

Zazzaɓi. Uwar yara ta ce ɗakin yana wari, ta yi saurin cewa daga kwata ne. Tagar da ba ta buɗuwa.

Litinin, da hantsi

Ba a yi ba. Wai sai zazzaɓin ya sauka, suga ya daidaita. Ranar Alhamis ai komai a daidai yake, su suka ɓata lokaci da ƙanƙara. Wa ke gwada mutum da ƙanƙara kamar kifi?

Nas ta canza bandeji, ta kira wata nas, waccan ta kira wata. Ban duba ba.

Talata, da rana

Dogo ya zo. Yau ya zauna.

Ya ce baƙin ruɓar ya wuce inda ya nuna min, jan kuma ya hau bayan gwiwa. Ya ce da a ce ranar Alhamis ne, yana ganin da an samu naman rufewa a ƙasa. Yanzu babu. Ya sa yatsa a cinyata.

Na ce ɗauke hannunka. Na gaya masa abin da ya sawwaƙa, har Tela ya ja bargo ya rufe kai. Na ce ku kuka ajiye ni kamar mota a layin awo har ta yi tsatsa. Na ce a kira min mota in koma gidana. Manaja ya riƙe min kafaɗa, na ture shi. Da na gaji, Dogo ya ce, "In ka koma gida da ita, ba gwiwa za ka rasa ba."

Uwar yara ta durƙusa a bakin gado ta ce, "Maigida, ni ban auri kuloci ba."

Da a ce ranar Alhamis ne. Mutum mai rowar magana, wannan ɗin dai bai yi rowarta ba.

Talata, da yamma

Ba na son kowa ya zo gobe. Na gaya musu.

Laraba, da safe

Sun zo duka.

Da suka fita yarinyar ta shigo, ta ja kujerarta. Ta ce wannan karon wayoyi huɗu za ta kama, tunda aikin ya hau, kuma za ta bar wani siririn tiyo kusa da jijiyar don magani ya riƙa sauka bayan an gama. Na jira ta kawo maganar Alhamis. Ba ta kawo ba. Na ce ba ki da abin faɗa? Ta ce, "Zan sake gwadawa da ƙanƙara, abin da ka ce shi zan bi." Ta ce in ina so za ta ba ni ɗan abin da zai sa in yi gyangyaɗi. Na ce ban taɓa yin gyangyaɗi ana min aiki ba.

Idanunta sun faɗa. Wata nas ta ce tun ranar Alhamis ɗin nan manyanta ke kiranta ofis suna tambaya.

Asabar, da yamma

An yi ranar Alhamis. Sai yau hannuna ya yarda da biro.

Ƙanƙara ta hau har inda ta ga dama, na ce babu, babu, babu. Aka ja labule. Yarinyar ta zauna wajen kaina tana kallon na'urorinta, tana tambayata yadda ake sanin kuloci ya kusa ƙarewa. Na san dabara ce, amma tambayar ta yi ma'ana, sai na yi mata bayani tun daga farantin kuloci. Ina jin ana motsa ni kamar ana jijjiga mota a kan jak, zafi kuwa ko ɗigo.

Da injin zarton Dogo ya tashi na yi shiru. Ta ce in ci gaba. Na ɗaga murya na ce, "Likita, injin nan naka yana neman sabis, yana cin gefe." Wani ya yi dariya a bayan labule. Dogo ya ce, "An ji, Baba."

Akwai wani lokaci da gadon ya yi sauƙi ta gefen hagu. Ba zan rubuta wannan ba.

Lahadi, da rana

Bargon ya kwanta shafe daga inda bai kamata ba. Na sa uwar yara ta ɗora filo a wurin. Tela bai yi wasa ba yau, ya miƙo min rediyonsa kawai.

Litinin, da yamma

Manaja ya shigo da zafinsa. Wai ya yi magana da wani abokinsa lauya, za su kai ƙarar yarinyar wurin shugabannin asibiti. Wai allurarta ce ta ƙi ci ranar farko, jinkirin ne ya cinye gwiwar, sai an kore ta.

Na ce wa ya aike ka?

Ya ce, "Baba, hakkinka nake nema."

Na ce yarinyar nan ta fi ka sanin aikinta nesa ba kusa ba, kai da ko taya ba ka iya canzawa sai ka kira waya. Duk wanda ya kai ƙararta da sunana, kada ya ƙara taka garejina.

Ya tsaya yana kallona. Ya ce, "Amma Baba, kai ka ce kana ji."

Na ce na ce.

Uwar yara tana ninke zani a gefe, sai hannunta ya tsaya. Ta daɗe tana dubana, irin duban da take yi wa yara in sun dawo da riga a yage. Ta ce wa Manaja, "Je ka kawo wa babanka ruwan zafi." Ruwan zafi kuwa ga shi cike a fulas.

Laraba, da hantsi

Gwiwar tana min ƙaiƙayi. Tun jiya da aka zare tiyon. A gefen ciki, daidai inda tabon salansa yake tun ina karen mota. Wani lokaci kuma ta matse kamar an ɗaure ta da waya, har babban yatsa yana harbi. Na kai hannu in sosa, na sosa katifa.

Na gaya wa Manaja, ya dubi uwarsa ya rage murya ya ce, "Baba, babu gwiwa fa." Kamar ni ban san inda aka yanka ba, ni da nake wurin shi yana baranda.

Yarinyar ta zo zagaye. Ta ce ina ke ciwo? Na ce gwiwa. Manaja ya fara, "Likita, ki yi haƙuri, tun jiya yake ta..." Ta ɗaga masa hannu. Ta ce gaba ko baya? Na ce gefen ciki. Ta ce ƙaiƙayi ko ƙuna? Na ce duka biyun, da matsi. Ta rubuta. Ta ce wayar ce ba ta san an sauke kayan ba, tana ta aiko da saƙo, akwai maganinsa kuma za a fara yau. Ta gyara min filon ta wuce gado na gaba.

Ba ta ce ka tabbata ba.

Na juya wajen bango. Manaja ya zagayo yana leƙa fuskata, wai Baba lafiya, ko a kira nas. Na ce fita ka ba ni wuri, ka tsaya min a kan ƙafa.